HAƘƘIN MATA A SHARI'A: DAGA KABUL ZUWA YANGOJI

Daga Wakilinmu a Abuja

Ran 15 ga watan Agusta na 2021 ne mayaƙan Taliban suka sake shiga Kabul, babban birnin ƙasar Afganistan, bayan sun yi shekara ashirin ba su kan mulki. Cikin watan Satumba na wannan shekara aka buɗe makarantun sakandare na yara maza, aka bar na 'yan mata a rufe. Daga baya hukuma ta yi alkawarin za ta buɗe su ran 23 ga Maris na 2022, 'yan mata suka yi sammako suka tafi da littattafansu, amma kafin rana ta take aka ce kowacce ta koma gida. Cikin watan Disamba na wannan shekara kuma aka hana mata shiga jami'a. Watau ke nan yarinya in ta gama aji shida, karatunta na makaranta ya ƙare.

Ƙasashen Turai da Amurka sun yi ta la'antar wannan mataki, amma maganarsu ba ta shiga kunnen mutanen da suka yi shekara ashirin suna yaƙi da su ba. Maganar da ta fi yi wa Taliban nauyi ita ce wadda ta fito daga bakin Musulmi. Shehun Azhar na Masar, Shaihu Ahmad al-Tayyib, ya fito fili ya ce hana mata ilmi ya saɓa wa shari'ar Musulunci. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta nemi a janye dokar. Cikin watan Janairu na 2025 kuma ƙungiyar Rabita ta tara malamai da shugabanni a Islamabad ta ƙasar Pakistan musamman domin batun ilmin 'ya'ya mata. An gayyaci gwamnatin Taliban, ba ta zo ba.

Akwai wani abu guda da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Cikin watan Disamba na 2021 shugaban Taliban, Haibatullah Akhundzada, ya fitar da umurni cewa mace ba dukiya ba ce, kada a yi mata auren tilas, kada a bayar da ita domin sasanta rikici, kuma wadda mijinta ya mutu a ba ta gadonta a bar ta ta zaɓi mijin da take so. Umurnin bai ce uffan a kan makaranta ko aiki ba. Duk da haka ya nuna cewa ɗan abin da matan ƙasar suka samu a rubuce, ta ƙofar shari'a ya shigo. Wannan ne ya sa masu neman haƙƙin mata da yawa a can suka koma ga littattafan fiƙihu suna neman hujja.

ME YA HAƊA MU DA SU?

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Nijeriya babu dokar da ta hana yarinya karatu, babu kuma wadda ta hana mace aiki. Amma tsakanin abin da shari'a ta ba mace da abin da ke isa hannunta akwai tafiya mai nisa, kuma ba sai an je wani lungu na ƙasar nan ba kafin a ga haka.

Mu ɗauki garin Yangoji misali. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lakwaja. Yankin na manoma ne, kuma kamar sauran garuruwan wannan hanya, Musulmi da Kirista da masu bin al'adun gargajiya suna zaune tare, da 'yan ƙasa da waɗanda neman abinci ya kawo. Birnin Tarayya ba ya cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da dokokin haddi bayan da Jihar Zamfara ta buɗe hanya a 1999. Saboda haka sau da yawa mutane suna zaton babu ruwan shari'ar Musulunci da wannan wuri. Ba haka abin yake ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 260, ya kafa wa Birnin Tarayya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, sashe na 262 kuma ya ba ta ikon duba shari'o'in aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. A ƙarƙashinta akwai kotunan yanki, waɗanda jama'a suka fi sani da kotun eriya, inda ake fara sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Ma'anar wannan ita ce, Musulma a Yangoji wadda aka hana ta gadon ubanta, ko aka sake ta aka ƙwace mata jinjiri, tana da kotun da za ta je, kuma da littattafan Malikiyya za a yi mata hukunci, su Risala da Muhtasar da Tuhfa, waɗanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya. Abin tambaya shi ne, mata nawa ne suka san abin da ke cikin waɗannan littattafai?

GADON SAKKWATO

Wannan tambaya ba yau aka fara yin ta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mora su kamar kayan gida. Ya kuma gargaɗi mata kada su yarda da masu gaya musu cewa biyayyar miji kaɗai ce hanyar tsira, alhali ba a koya musu biyayyar Allah da ManzonSa ba. Lokacin da wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu saboda yana barin mata su halarci wa'azinsa, ƙanensa Malam Abdullahi ne ya mayar da amsa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan abin da ake gudu muni.

'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ce ta mayar da wannan magana aiki. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar muƙaminta. Jaji takan jagoranci matan ƙauyensu su zo wurin Asma'u su ɗauki karatu, su koma su koya wa waɗanda aure ko reno ya hana su fita. Duk wanda ya ce ilmin mata baƙon abu ne da Turawa suka kawo, to, ya tuna cewa Asma'u ta yi kusan shekara arba'in da rasuwa kafin sojan Ingila su shiga Sakkwato a 1903.

A zamanin siyasa ma an ci gaba da wannan muhawara. A 1956 Malam Isa Wali ya rubuta jerin maƙalu a jaridar Nigerian Citizen a kan matsayin mace a Musulunci, waɗanda suka jawo masa suka mai yawa. Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun yi ta kira a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a 1976.

ABIN DA LITTATTAFAI SUKA CE

Bari mu ɗan bi haƙƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya, domin amfanin mai karatu.

Wajen aure, bazawara ba a aurar da ita sai ta faɗa da bakinta cewa ta yarda. Ya zo a Sahihul Buhari cewa Hansa'u 'yar Hizamu ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ya kuwa warware auren. Gaskiya ne Malikiyya sun ba uba ikon ijbari a kan budurwa, amma sun yi wa ikon nan iyaka. Uba ne kaɗai ke da shi, ko wanda ya yi wa wasiyya, ban da baffa ko wa. Ba shi da ikon tilasta ta ga mai aibin da zai cutar da ita, kamar mahaukaci. In kuma ya riga ya shaida cewa ta mallaki hankalin kanta ya sakar mata al'amarinta, ikon ya fita hannunsa.

Sadaki kuwa nata ne ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Haka kuma duk abin da ta samu ta hanyar sana'a ko gado ko kyauta. Ci da sha da tufafi da wurin kwana suna kan miji, ko da ta fi shi dukiya.

Wajen saki ne al'ada ta fi yin nisa da shari'a. A ƙasar Hausa da zarar an miƙa wa mace takarda sai ta ɗaure kayanta ta nufi gidan iyaye, wani lokaci cikin dare. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita. Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu a ɗakinta za ta yi idda, mijin kuma shi zai ci gaba da ciyar da ita, in ma ya mutu kafin iddar ta cika tana da gadonsa. Mai ciki kuwa, ko saki uku ne, ciyarwarta tana kansa har ta haihu.

Ita ma mace tana da hanyoyin fita daga auren da ya gagara. Akwai kul'i, watau ta fanshi kanta, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su. Akwai kuma raba aure a gaban alƙali saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko doguwar tafiyar miji. A nan akwai abin lura: in ta tabbata miji ne mai cutarwa, alƙali zai raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba. Mata da yawa suna sayar da kayan ɗakinsu su fanshi kansu daga mai dukansu, domin ba su san haka ba.

Game da reno, Malikiyya sun bar wa uwa ɗanta namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, renon yakan koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta. A duk wannan lokaci uba ne ke ɗaukar nauyin ci da tufafi. Al'adar karɓe yaro da zarar an yaye shi ba daga littafi ta fito ba.

Sai gado, wanda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka yanka wa kowa rabonsa. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, bayan an biya bashi da wasiyya dukiyarsa ta kama naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, watau naira 300,000. Ɗan zai ɗauki 1,400,000, 'yar kuma 700,000. Wannan lissafi ya haɗa da gona da gida da shanu, bai tsaya ga kuɗi da tufafi ba. Amma abin da aka saba gani shi ne a raba ƙananan kaya, a bar gona da gida a hannun 'ya'ya maza da sunan kada dukiyar gida ta tafi gidan wani. A wuri kamar kewayen Abuja, inda birni ke ta matsowa kuma darajar fili ke hawa, wannan al'ada tana iya raba mace da abin da zai riƙe ta har tsufa. In an sayar da filin gado, ko an biya diyya a kansa, rabon 'ya mace yana cikin kuɗin.

ARON DA MAZHABOBI KE YI WA JUNA

Mutanen Afganistan galibinsu Hanafawa ne. A mazhabar Imamu Abu Hanifa mace baliga mai hankali tana iya ɗaura wa kanta aure, uba ba shi da ikon tilasta ta. Ta wannan fuska sun fi mu sauƙi. Amma wajen raba aure Hanafiyya ta da tana da tsanani ƙwarai. Matar da mijinta ya ɓace sai ta jira har sa'o'insa su ƙare a duniya, alhali a Malikiyya shekara huɗu za ta jira daga ranar da ta kai ƙara, sa'an nan ta yi takaba ta yi aure.

Saboda wannan ne ƙasashen Hanafawa suka yi aro daga mazhabarmu. Daular Turkawa ta yi haka a dokar iyali ta 1917, Masar ta bi a 1920 da 1929. A Indiya abin ya kai wasu mata suna yin ridda domin kawai aurensu ya mutu. Babban malamin nan Ashraf Ali Thanawi ya rubuta wa malaman Malikiyya na Madina ya nemi fatawarsu, kuma aikinsa ne ya share fagen dokar raba auren Musulmi ta 1939. Ita kanta Afganistan, dokarta ta 1977 ta ba mace damar neman rabuwa saboda cutarwa da rashin ciyarwa da ɓacewar miji. Ashe dai gyara daga cikin shari'a abu ne da malamai suka daɗe suna yi, kuma ba a taɓa cewa sun bar addini ba.

SHARI'O'I BIYU DA SUKA GIRGIZA DUNIYA

Nijeriya ta ga amfanin wannan hanya da idonta. Cikin watan Oktoba na 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa. Ran 25 ga Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta sallame ta. Cikin wannan wata ne kuma wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, babbar kotun Funtuwa ta tabbatar da shi a watan Agusta, har sai ran 25 ga Satumba na 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta rushe shi, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya.

Lauyoyinta, cikinsu har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, ba su je suna zagin shari'a ba. Da littattafan Malikiyya suka yi jayayya: cewa wanda ya yi iƙirari yana da ikon janyewa, cewa ana kawar da haddi da shubuha, cewa kwantaccen ciki yana iya kai shekara biyar, saboda haka cikin da sakakkiya ta haifa a wannan tsakani ana jingina shi ga tsohon mijinta. A lokacin ana ta aiko da takardun koke daga ƙasashen waje, wasu cike da kurakurai da cin mutunci. Cikin watan Mayu na 2003 ƙungiyar BAOBAB, wadda Dokta Ayesha Imam ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta roƙi a dakatar da su domin suna iya jawo wa wadda ake so a taimaka lahani. Wannan darasi ne ga duk mai son taimakon matan Kabul a yau.

MASU ƊAUKE DA TUTAR

A 1985 aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, FOMWAN, a Minna, marigayiya Hajiya A'isha Lemu ta zama Amira ta farko. Ƙungiyar ta gina makarantu da asibitoci a jihohi da dama. A 1999 Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa WRAPA a Abuja, wadda ta tsaya wa Amina Lawal, daga baya kuma ta yi aiki da malamai da limamai a jihohi bakwai na Arewa maso Yamma a kan dokokin iyali na Musulunci. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ita ma ta tara malamai da alƙalai suka bi al'adunmu na aure da saki da gado, suka ware waɗanda suka dace da shari'a da waɗanda suka saɓa mata. A watan Fabrairu na 2017 kuma, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Isa Wali a Abuja, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya bayyana shirin tsara dokar iyali, abin da ya tayar da muhawara mai zafi, musamman a kan batun hana wanda ba shi da hali ƙara aure.

INDA GIZO KE SAƘA

Wannan hanya tana da masu suka ta fuska biyu. Wasu suna ganin duk maganar haƙƙin mata dabara ce ta Turawa da aka yi wa rawani. Amsarsu tana cikin Risala da suke karantawa kullum. Wasu kuma, musamman cikin 'yan boko, suna cewa hanyar tana da iyaka, domin ba za ta daidaita rabon ɗa da 'ya ba, kuma malamai ba su haɗu a kan shekarun aure ba. Gaskiya ne Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Birnin Tarayya, ta sa shekara 18, kuma har yau akwai malaman da ba su gamsu da ita ba. Amma matar da aka hana ta naira 700,000 ɗinta gaba ɗaya, abin da ke gabanta shi ne ta karɓi wannan tukuna. Da babu gara ba daɗi.

Manyan abubuwan da ke tare hanya ba a littafi suke ba. Na farko rashin sani. Na biyu kunya, domin macen da ta kai yayanta ƙara a kan gona sai dangi su ce ta tona asirin gida, ta kuma rasa inda za ta fake ranar da aure ya mutu. Na uku kuɗin mota da yawan ɗage shari'a, waɗanda ke sa talaka ya haƙura ya bar wa Allah. Na huɗu rashin rubutu: aure ba takarda, sadaki ba shaida, saki da baki, in an zo kotu sai musu.

Maganin kuwa ba ya bukatar sabuwar doka. Limaman Juma'a su riƙa ware huɗuba a kan idda da reno da rabon gado kamar yadda suke yi a kan azumi da layya. Makarantun Islamiyya na matan aure su sa babin aure da gado cikin karatu, kada a tsaya ga tsarki da salla. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda su ake fara kai wa kuka, su daina sulhun da ke tauye mai rauni. Iyaye su rubuta sadaki da sharuɗɗan aure a gaban shaidu. Dangi kuma su raba gado da wuri, tun waɗanda suka san iyakar gona suna da rai.

Yarinyar da ke zaune a gida a Kabul an rufe mata ƙofar makaranta da doka, ba ta da kotun da za ta je. Tamu ta Yangoji makaranta tana buɗe, kotu tana buɗe, littafi yana gefenta. In haƙƙinta ya salwanta, ba mu da gwamnatin da za mu ɗora wa laifi, domin a gidajenmu abin yake faruwa, da hannun uba da miji da wa. Allah Ya ba mu ikon ba kowa haƙƙinsa tun muna da rai, Ya kuma kawo wa 'yan'uwanmu na Afganistan sauƙi, amin.